FILIN SANIN DOKA: Wa ya cancanci ya rubuta sunan talaka?

Duk shekarar da damana ta yi gardama, baƙi sukan yawaita a ƙauyuka da mashekarai. Wasu su zo da mota, wasu bisa babur. Kowa da kaye da bik a hannu, ko salula mai ɗaukar hoto. Su zauna a gindin itace, su ce a tara musu magidanta. Su tambayi yawan iyali. Su tambayi dami nawa ya rage a rumbu, bisa nawa ta mutu, wa ke kwance ba lafiya, wace mata ce mijinta ya tafi ci-rani bai aiko ba. Mutanen ƙasar Alakos, daga Garazu har rijiyoyin makiyaya na arewa, sun saba da wannan.

Talaka yakan ba da amsa, don yana sa ran samun taimako. Yakan faɗi abin da ko ɗan'uwansa bai sani ba. To, wane ne wannan da ake faɗa wa asirin gida? Wa ya koya masa aikin? In ya ci amana, wa zai hukunta shi? Bayanin wannan wata ke nan.

Mene ne aikin?

Akwai sana'a guda da ake kira aikin jin daɗin jama'a. Mai yin ta, a asibiti da ofisoshin gwamnati, ana ce da shi asistan sosiyal. Namiji na yi, mace na yi. Ba likita ba ne, ba ya allura. Ba alƙali ba ne, ba ya yanke hukunci. Ba kuma mai rabon hatsi ba ne, ko da yake wani lokaci akan gan shi wurin rabo.

Aikinsa shi ne ya saurari mutumin da wahala ta fi ƙarfinsa, ya binciki halin da yake ciki, sa'an nan ya nuna masa ƙofar da zai ƙwanƙwasa, ya kuma raka shi. Ga irin mutanen da yake kula da su: maraya da ba shi da mai riƙo, yaron da ya ɓata daga iyayensa, yaron da aka kama da laifi, makaho da gurgu da bebe, tsohon da ƴaƴansa suka watse, mace da ake duka, yarinyar da ake so a fidda daga makaranta a yi mata aure ba ta kai ba, majinyacin da aka kai babban asibitin Damagaram ba shi da ko dala ta magani.

A asibiti shi ke duba wanda ba shi da hali da gaske, ya rubuta a sauƙaƙa masa. A kotu shi ke zuwa gidan su yaro, ya dawo ya gaya wa alƙali yadda yaron ya tashi. Watau alƙalaminsa yana da nauyi. In ya rubuta gaskiya, mabukaci ya samu. In ya rubuta ƙarya, mai hali ya ci rabon maraya.

Misali na farko

A ɗauki wani ƙauye nesa da hanyar mota. Rani ya yi tsanani. Wani mutum ya iso bisa babur da riga mai tsabta, ya sauka ƙofar gidan maigari.

Ya ce: «Ranka ya daɗe, an aiko ni in rubuta sunayen mabukata. Za a kawo hatsi da kuɗi wata mai zuwa. Amma kowane gida zai ba da dala ɗari na takarda.»

Maigari ya ce: «Madalla, Malam. Allah ya saka.»

Gida arba'in suka biya. Wata mata mai marayu huɗu ta sayar da kazarta guda ta biya. Dala ɗari sau arba'in, jikka 20 ke nan. Mutumin ya karɓa, ya hau babur. Wata ya wuce, wani ya wuce, ba hatsi ba labari. Babu wanda ya san sunansa na gaskiya. Babu wanda ya san ofishin da ya aiko shi, don ba wanda ya tambaya.

Misali na biyu

Wannan karon ba ɓarawo ba ne. Wani saurayi ne da aka ɗauka aikin ƴan kwanaki, aka ba shi takardun tambayoyi, ba a koya masa kome ba game da riƙon amana. Ya shiga gidan wata dattijuwa.

Ya ce: «Inna, akwai mai ciwo a gidan nan?»

Ta yi shiru. Can ta ce: «Ɗana, zan gaya maka don ka ce taimako za a yi. Jikata tana da farfaɗiya. Ba wanda ya sani sai ni da uwarta.»

Saurayi ya rubuta. Da yamma, wurin shan shayi, ya ba abokansa labari, ba da mugun nufi ba. Ran kasuwa magana ta kai garin da aka yi wa yarinyar baiko. Dangin miji suka aiko a mayar musu da kayansu. Farfaɗiya kuwa ciwo ne da ake shan magani a zauna lafiya, kuma ba a ɗaukarsa daga wani. Da ma'aikaci mai horo ne ya ji maganar, da ya rufe bakinsa ya nuna musu hanyar asibiti.

Na farko ya saci kuɗi. Na biyu bai ɗauki ko tamma ba, amma ɓarnarsa ta fi. Don maganin irin waɗannan biyu ne ƙasashe suke yi wa sana'ar doka.

Asalin dokar

Taimakon mabukaci ba baƙon abu ba ne ga kowace al'umma. Abin da ke sabo shi ne mayar da shi sana'a mai albashi. A 1895 wani asibiti na birnin Landan, a Ingila, ya ɗauki wata mata mai suna Mary Stewart. Aikinta ta zauna da majinyata ta gane wanda zai iya biya da wanda ba zai iya ba, ta kuma haɗa mabukaci da masu taimako. Daga nan wasu asibitoci suka yi koyi.

A Faransa, ranar 8 ga Afrilu 1946, aka yi doka a kan wannan sana'a. Dokar ta kafa abu biyu manya. Na ɗaya, ba mai kiran kansa asistan sosiyal sai wanda ya yi karatun, ya ci jarrabawa, gwamnati ta ba shi takardar shaida. Na biyu, dole ya riƙe asirin mutane, kamar yadda likita ke riƙewa. In ya tona, kotu ta hukunta shi. Lokacin nan Nijar tana ƙarƙashin mulkin Faransa. Sunan sana'ar da tsarin karatunta daga can suka zo ƙasar nan.

A Ingila ma, tun 2005, laifi ne mutum ya kira kansa da sunan wannan sana'a don ya yaudari jama'a, alhali sunansa ba ya cikin rajista.

Dokar Najeriya ta 2022

Maƙwabciya Najeriya ta daɗe tana neman irin wannan doka. Masu sana'ar sun kafa ƙungiyarsu tun 1975, suna ta kira a yi musu tsari. Majalisar dokoki ta amince da wani ƙuduri, aka kai wa shugaba Muhammadu Buhari. A 2018 ya ƙi sa hannu. Dalilinsa shi ne ƙudurin bai fayyace iyakar sana'ar ba, ga shi kuma yana hana duk wanda ba ya cikin rajista yin aikin. Aka koma aka gyara. A watan Disamba 2022 ya sa hannu, ƙuduri ya zama doka.

Dokar ta kafa wata majalisa ta musamman mai kula da sana'ar. Ita za ta faɗi irin ilimin da mutum zai samu kafin ya shiga aikin. Ita za ta riƙe babban littafi na sunayen waɗanda suka cancanta. Ita kuma za ta ladabtar da wanda ya saɓa ƙa'ida. Kamar dai direba ne. Sai ya koyi tuƙi a ba shi takarda, in ya yi ganganci a karɓe ta.

Me ya haɗa manomin Alakos da dokar Najeriya? Abin da ya haɗa su da yawa. Samari suna zuwa ci-rani Kano da Nguru da Maiduguri. Ana kai yara karatun allo can. In yaro ya ɓata a tasha, ko aka kwantar da baƙo a asibiti ba dangi kusa, hannun irin waɗannan ma'aikata yake faɗawa. Ya kamata mai tafiya ya san akwai su, ya san kuma yana da iko ya tambayi shaidarsu.

Abin da dokokin Nijar suka ce

A ƙasar nan akwai dokoki da dama da suka shafi aikin. Ga manyansu ɗaya bayan ɗaya.

*Karatu.* Makarantar ma'aikatan lafiya ta gwamnati da ke Yamai tana horar da masu wannan sana'a. A 1975 aka buɗe wata a Damagaram don horar da malaman asibiti da mataimakan aikin jin daɗin jama'a. An san ta da sunan ENICAS, daga baya ta koma ENSP. Ba karatun sati guda ba ne, shekaru ake yi, a aji da kuma wurin aiki. Wanda gwamnati ta ɗauka bayan ya gama, ya zama ma'aikacin gwamnati. Yana da shugaba a bisansa, yana da ofishin da za a same shi, kuma ana iya kai ƙararsa.

*Asiri.* Kundin hukunta laifuka da aka yi a 1961 ya tanadi ɗauri ko tara ga likita, da ungozomar asibiti, da duk wanda aka ba asiri saboda aikinsa, in ya tona shi ba bisa doka ba. Kundin ya kuma hukunta zamba cikin aminci, da mutumin da ya yi shigar ma'aikacin hukuma alhali ba shi ba ne. Mai babur na misalin farko ya faɗa cikin wannan.

Akwai inda ma'aikaci zai yi magana dole. In ya ga ana azabtar da yaro, ko ran wani yana cikin hatsari, sai ya sanar da hukumar da ta dace. Amma ga hukuma zai faɗa, ba a kasuwa ko bakin rijiya ba.

*Yara da kotu.* A 1999 aka kafa kotunan yara. Dokar ranar 20 ga Nuwamba 2014 ta sake tsara su. Yaron da bai kai shekara 13 ba, ba a yi masa hukuncin laifi, sai dai a ɗauki matakin kiyaye shi da gyara tarbiyyarsa. Daga 13 zuwa 18 ana sassauta masa, ba a yi masa kamar babba. Alƙalin yara yakan sa a binciko halin gidan su yaro, kuma ma'aikacin jin daɗin jama'a ke wannan bincike. Alƙalin ba mai laifi kaɗai yake dubawa ba. Yaron da ke cikin hatsari, ko da bai yi kome ba, yana da hakkin a kai maganarsa gabansa. A nan takardar haihuwa take da amfani ƙwarai, don da ita ake gane shekarun yaro.

*Masu rauni.* A 2011 gwamnati ta amince da tsarin ƙasa na kare masu rauni. Ranar 27 ga Afrilu 2018 aka yi doka mai lamba 2018-22, wadda ta shimfiɗa ginshiƙan wannan kariya. Naƙasassu kuma an yi musu doka tun 1993, aka yi wata sabuwa ranar 10 ga Disamba 2019. Abin da waɗannan dokoki ke nufi a taƙaice: taimakon da hukuma ke yi wa mai rauni ba alfarma ba ce daga wanda ya kawo shi. Ba a durƙusa masa, ba a ba shi goro.

*Kwamitin gari.* A 2019 aka fito da dokar kafa kwamitocin kare yara, daga jiha zuwa gunduma, zuwa ƙaramar hukuma, har ƙauye da rukunin makiyaya. Ƴan kwamiti mutanen gari ne. Ba su zama asistan sosiyal ba don sun shiga kwamiti. Su ne ido da kunne. In magana ta fi ƙarfinsu, sai su miƙa ta ga ma'aikaci mai horo.

Me ya sa abin yake da muhimmanci yanzu?

Dattawa ba su manta yunwar 1973 da 1974 ba. An kawo hatsin agaji daga ƙasashen waje, amma da yawa bai kai bakin mabukata ba. Sojojin da suka karɓi mulki ranar 15 ga Afrilu 1974 sun ambaci wannan cikin dalilansu. An sake shan wuya a 1984, da 2005, da 2010. Kowane karo darasin guda ne. Kawo agaji abu ne, kai shi ga mai shi wani abu ne dabam.

A 2011 gwamnati, tare da Bankin Duniya, ta kafa shirin ba gidaje marasa hali kuɗi kowane wata. Da farko jikka 10 ake ba gida, kuma mace ke karɓa. Jihar Damagaram tana cikin jihohin da aka fara da su. Tun daga nan kowa ya gane shiga takarda yana da daraja. Inda kuwa abu ya yi daraja, nan macuci yake kewayawa.

Ga kuma maganar yara masu tafiya. A watan Oktoba 2013 mutum 92 suka mutu da ƙishirwa cikin hamada, kusa da iyakar Aljeriya. Yawancinsu mata ne da yara, da yawa daga ƙasar Kance. Daga Disamba 2014 aka riƙa maido da ƴan Nijar daga Aljeriya cikin manyan motoci. A watan Maris 2022 aka maido da ɗaruruwa daga Dakar ta Senegal, inda suke bara. Cikinsu akwai yaran da ba tare da iyayensu suke ba. Dole wani ya zauna da kowane yaro, ya lallashe shi ya faɗi sunan garinsu, a nemo danginsa, a tabbata wanda ya zo karɓarsa nasa ne da gaske. In aka ba wanda bai iya ba wannan aiki, ana iya miƙa yaro ga wanda ya sayar da shi tun farko. Ba a ba kura ajiyar nama.

Doka ba ta hana zumunci ba

Wani zai ce: to, yanzu sai mai takarda zai taimaki ɗan'uwansa? A'a. Kada a fahimci abin a karkace. Zakka da sadaka suna nan. Gayya tana nan, a taru a nome gonar marar lafiya. Adashen mata yana nan. Habbanaye na Fulani yana nan, a ba wanda garkensa ya ƙare aron saniya ta haihu a hannunsa, ya riƙe ƴaƴan ya mayar da uwar. Kawu ya riƙi ɗan ƙanwarsa maraya, liman ya sasanta miji da mata, duk ba mai bukatar izini. Waɗannan su suka riƙe jama'a tun kafin a san ofis, kuma har gobe su ne na farko.

Bambancin shi ne, maƙwabci sananne ne. In ya ci amana, gari zai san yadda zai yi da shi, kunya ma ta ishe shi. Baƙo mai kaye kuwa yau ya zo, gobe ya tafi. Kunyar gari ba ta kama shi. Saboda haka shi doka ce za ta kama shi. Doka tana kan wanda ya mai da taimako sana'a, yake cin albashi da sunan talaka, yake shiga gidaje da sunan hukuma ko ƙungiya.

In baƙo ya zo rubuta sunaye

1. Ya fara sauka wurin maigari, ko hardo, ko shugaban rukuni. Wanda ya tsallake shugabanni ya shiga gidaje, a yi hattara da shi.

2. A tambayi sunansa, da ofishin ko ƙungiyar da ta aiko shi. Ya nuna katinsa da takardar izinin aiki mai hatimi. Wanda ya yi yaƙi da jahilci ya karanta, ya kwafe sunan da lambar salula a kayensa, da ranar da baƙon ya zo. Ma'aikacin gaskiya ba ya fushi da wannan. Mai fushi, a san akwai dalili.

3. A tambaya ko ofishin ƙaramar hukuma a Garazu ya san da zuwansa. Kiran salula guda ya isa.

4. Ba a biyan kuɗi don a rubuta sunan mabukaci. Ba a ba da kaza, ba a ba da akuya, ba a yi alkawarin raba abin da za a samu. Duk wanda ya nemi haka, ya nuna kansa.

5. Kada a dangwala yatsa a takardar da ba a karanta ba. A sa wanda aka yarda da shi ya karanta da ƙarfi. In an rubuta tiya 10, a ƙirga tiya 10 kafin a dangwala.

6. Kada a bar katin ɗan ƙasa ko takardar haihuwa a hannun baƙo ya tafi da su. Ya duba, ya rubuta, ya mayar nan take.

7. Maganar ciwo, da ta aure, da ta bashi, ba a yin ta gaban taro. Mai gida ko matar gida suna da iko su ce a keɓe. Mace tana iya cewa ita da mace za ta yi magana. A ƙasar Alakos akwai masu jin Barbarci, da Buzanci, da Fulatanci, da Hausa, don haka sau da yawa sai da tafinta. A zaɓi tafinta mai riƙon amana, don abin da ya hau kan ma'aikaci ya hau kansa. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.

8. Ba a ɗaukar hoton yaro ko na majinyaci sai da yardar masu shi. Ana iya cewa a'a.

9. Kada a ba kowa yaro ya tafi da shi da sunan za a sa shi makaranta ko a koya masa sana'a a birni, sai hukuma ta sani, an kuma san inda za shi da wanda zai riƙe shi.

10. In an cuci wani, kada a yi shiru. A gaya wa maigari, a kai ga sarki, a kai ofishin ƙaramar hukuma. In abin ya fi nan, akwai prefe a Gure, da ma'aikatar da ke kula da mata da yara, da jandarma, da kotu. A tafi da sunan da aka kwafe, da rana, da shaidu biyu.

Hakkin ma'aikaci bisa jama'a

Igiya ba ta ɗaure da gefe guda. Ma'aikacin kirki shi ma yana da hakki. A gaya masa gaskiya. Mai shanu 30 kada ya kore su daji ya ce ba shi da ko ɗaya. Kada a ƙara sunan matattu ko na waɗanda suka ƙaura. Kada mai iko ya matsa masa ya sa danginsa a gaba. In an tanadi taimakon gida 20, aka cusa gida 5 na masu hali, to, gida 5 na marasa hali aka fitar, kuma maƙwabta ne. Kada kuma a ɓoye naƙasasshen yaro a ɗaki don kunya ranar da ma'aikaci ya zo. Saboda irinsa aka yi aikin.

A sani kuma, ma'aikacin ba shi ke da hatsin ba. Sau da yawa yakan rubuta, abin ya yi jinkiri ko ya zo kaɗan. Wannan ba ya nufin ya ci. A tambaye shi cikin ladabi, shi kuma ya yi bayani cikin gaskiya, kada ya yi alkawarin abin da ba ya hannunsa.

Inda matsala take

Gaskiya ɗaya ce, ba a ɓoye ta. Masu wannan horo ba su da yawa, kuma yawancinsu a birane suke, Yamai da Damagaram da manyan garuruwan gunduma. Daga Gure zuwa Damagaram wajen kilomita 160 ne, ga kuma tafiyar rairayi kafin mutumin Alakos ya kai Gure ɗin. Makiyayi yau yana wannan rijiya, wata mai zuwa yana wata. Doka tana iya zama a takarda shekaru ba ta taka ƙafa a mashekari ba.

Maganin wannan kashi biyu ne. Na hukuma, ta ƙara horar da ma'aikata, ta turo su karkara da abin hawa. Na jama'a, su san dokar da kansu, don wanda ya san hakkinsa ba a cika taka shi ba. Iyaye kuma su bar yara, maza da mata, su yi nisa a makaranta. Yarinyar da ta tashi a Garazu, ta san harshen mutanenta, ta san zafin rani da ƙishirwar bisashe, in ta yi wannan karatu a Damagaram ta dawo, ba ta bukatar tafinta, kuma ba wanda zai ɓoye mata shanu.

Tambayoyi don tattaunawa a ajin yaƙi da jahilci

1. Baƙi nawa suka zo rubuta sunaye a garin bara? An san sunansu da ofishinsu?

2. Wa zai riƙe kayen rubuta sunan baƙi a garin?

3. Akwai kwamitin kare yara a garin? Su wane ne a ciki? Akwai mata?

4. Lissafi: in gida 60 suka biya dala ɗari ɗari, jikka nawa macuci ya tafi da su? Tiya nawa ta hatsi za su saya a kasuwar wannan mako?

Wanda ya karanta wannan fili, ya karanta wa wanda bai iya ba, a dandali, da bakin rijiya, da cikin gida wurin mata. Matambayi ba ya ɓata. Wata mai zuwa, in Allah ya kai rai, bayani zai zo a kan takardar haihuwa: inda ake yin ta, da abin da za a yi in lokacin yin ta ya wuce.

Allah ya ba da damana mai albarka, ya kiyaye bisashe, ya haɗa talaka da mai amana.